Yadda mai bayolin, celo ko bas zai koyi suwin da sarrafa ƙarfin sauti a kiɗan jaz

Mai bayolin da ya shekara goma yana karanta kiɗa daga takarda yakan sha mamaki ranar da ya fara taɓa jaz. Sautukan duk daidai, yatsu ba su kuskure ba, amma kiɗan ya ƙi tashi, ya tsaya ƙiƙam kamar soja a fareti. Abin da ya rasa shi ne suwin, wato rangajin nan da ke sa mai sauraro gyaɗa kai ba da saninsa ba. Yawancin masu koyo suna ɗauka suwin lissafi ne kawai, a tsawaita sauti ɗaya a gajarta na biye. Wannan kashi ɗaya ne cikin uku. Sauran biyun su ne inda kake aza nauyi da inda kake yanke sauti, kuma dukkansu a hannun dama suke, hannun da ke riƙe da baka. Shi ya sa ba a raba atisayen suwin da atisayen ƙarfi da sanyin sauti.

Kafin a shiga aiki, ga kalmomin da za mu yi amfani da su. Bugu shi ne takun kiɗa, wanda kake bi da ƙafa. Gida shi ne bugu huɗu a haɗe. Kowane bugu ana raba shi biyu, kai da wutsiya: kai shi ne wanda ya faɗi daidai kan taku, wutsiya kuma wanda ya faɗi tsakanin taku da taku. Jaki shi ne ɗan katakon da ya ɗaga tsirkiyoyi, kamar dai na goge.

Fara da kunne da baki

Ajiye abin kiɗan tukuna. Buɗe manhajar metronom a waya, wato na'urar da ke yin ƙara daidai-daidai don riƙe gudun kiɗa, ka sa ta a 50 a minti. A jaz, mai ganguna yana taka faifayen ƙarfe biyu da ƙafar hagu a bugu na 2 da na 4, don haka ƙarar metronom ɗinka za ta tsaya a madadinsu. Ke nan ainihin gudun kiɗan 100 ne a minti, na'urar tana ba ka rabi, kai kana cike rabi.

Juyar da kunne shi ne wahalar farko, domin ƙwaƙwalwa tana so ta ji kowace ƙara a matsayin bugu na 1. Dabarar ita ce ka ce "biyu" a kan ƙara ɗaya, "huɗu" a kan ta gaba, ka yi ta maimaitawa har gida takwas. Sannan ka saka "uku" da "ɗaya" a cikin gurabun da babu ƙara. Ka faɗi "ɗaya" da ƙarfi a karon farko. In ka ji ƙarar ta sake komawa kan 1 da 3, tsaya cak ka fara daga farko, kada ka yi ƙoƙarin gyarawa kana tafe. Wasu sukan kwana uku kafin abin ya zauna, kuma ba laifi ba ne.

Da ya zauna, raba kowane bugu kashi uku da baki: "ta-ki-da, ta-ki-da". Sai ka haɗiye na tsakiya, ya rage na farko mai tsawo da na uku gajere: "duu-ba, duu-ba". Wanda ya san karin waƙar Hausa ya riga ya san bambancin gaɓa mai nauyi da mara nauyi, to haka abin yake. Sai dai ga inda aka saba wa tsammani: "ba" ɗin nan gajere shi ne yake ɗaukar ɗan ƙarin nauyi, ba "duu" ba. Rera shi haka har sai ka daina jin sa baƙo. Abin da bakinka bai iya rerawa ba, hannunka ba zai fitar ba.

Tsawon dogo da gajere ba abu ɗaya ba ne kullum

Littattafai da yawa suna cewa dogon kashi biyu ne, gajeren kashi ɗaya. A gudun 120, bugu ɗaya rabin daƙiƙa ne, ke nan dogon ya ci kashi biyu bisa uku na wannan rabin, gajeren ya ci sauran. Wurin farawa ne mai kyau, amma ƙwararru ba sa tsayawa a nan. A shekarar 2002, masu bincike biyu a ƙasar Suwidin, Anders Friberg da Andreas Sundström, sun auna faya-fayen jaz, suka ga cewa masu ganguna sukan kai kusan uku da rabi bisa ɗaya a kiɗa mai tafiyar hawainiya, su sauko zuwa ɗaya bisa ɗaya idan gudu ya yi tsanani. Sun kuma lura cewa daga matsakaicin gudu zuwa sama, gajeren sautin yana tsayawa wajen kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, dogon ne yake ta raguwa. Masu busa da sauran masu jan waƙa kuwa rabonsu bai kai na mai ganguna faɗi ba, sun fi kusa da daidaito.

Abin da wannan yake nufi gare ka a aikace: mai bayolin da ya matsa wa dogo da gajere lamba sosai, kiɗansa zai riƙa tsalle-tsalle kamar sukuwar doki, kuma wannan ita ce alamar farko da ake gane baƙo a jaz. Yi sikelin G, wato jerin sautuka hawa da sauka da ke farawa daga G, a gudu uku. A 80, yi biyu bisa ɗaya cikakke. A 140, sassauta zuwa wajen uku bisa biyu. A 200, bar sautukan su zama kusan tsawo ɗaya, ka bar nauyin wutsiya ya yi aikin. In kana shakka, gara ka karkata wajen daidaito da ka karkata wajen tsalle.

Jan baka

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka.

Bakan bayolin ya kai wajen santimita 75, amma a layin suwin mai gudu ba ka bukatar fiye da santimita 5 zuwa 8 a kowane ja. Samo ɗan tef ka manna biyu a sandar bakan, ɗaya a tsakiya, ɗaya kamu ɗaya sama da shi wajen tsini. Tsakanin alamomin nan ne gidanka. Kusa da hannu bakan ya yi nauyi, zai riƙa ƙarta. Can tsini kuma ya yi sakayau, ba zai ciji tsirkiya ba. Mai celo, wato babban ɗan'uwan bayolin, ya ɗan sauko ƙasa da tsakiya kaɗan, domin tsirkiyoyinsa sun fi kauri.

Tsarin jan da aka fi koyarwa shi ne a haɗa wutsiya da kan bugun da ke biye a ja guda. A bayolin, ɗauki sikelin G daga buɗaɗɗiyar tsirkiya ta ƙasa, wato wadda ba a danna ta da yatsa ba. G shi kaɗai, ja ƙasa. A da B tare, tura sama. C da D tare, ja ƙasa. E da F mai ɗagawa tare, tura sama. Ka ga kowane canjin baka yana faɗawa kan wutsiya, saboda haka nauyin yana zuwa da kansa, ba sai ka dannawa ba. Kan bugun kuma yana zuwa a ƙarshen ja, a laushi. Wajen D, yi amfani da ƙaramin yatsa a kan tsirkiyar G maimakon buɗaɗɗiyar D, don kada tsallaka tsirkiya ya jefa nauyi inda ba a so.

Yi wannan a gudun 80, wato metronom a 40 kan 2 da 4, ko a 80 kan kowane bugu idan 40 ya yi maka nisa. Hawa da sauka sau takwas ba kuskure, sannan ka ƙara 4 a na'urar. Kada ka yi tsalle da goma-goma.

Abubuwa uku suke lalata wannan atisaye. Na farko, ɗaga baka daga tsirkiya tsakanin ja da ja, wanda ke kawo gurbi, layin ya yayyage. Gashin bakan ya zauna a kan tsirkiya kamar an liƙa shi. Na biyu, yin nauyin da saurin baka, wato fizgar hannu a kowace wutsiya. Fizga tana cin baka da yawa, kafin gida biyu ka tsinci kanka a tsini. Nauyin ya fito daga ɗan matsin manuniya a kan sanda, ka saki nan take. Na uku, kumburin tsakiya: sauti ya fara a sanyi, ya kumbura, ya lafa. A kiɗan gargajiyar Turai wannan ado ne, a jaz kuwa yana ɓoye farkon sauti, mai sauraro ya kasa sanin inda ka faɗi, sai a ji kamar ka makara ko da ba ka makara ba. Sautin jaz gabansa a fili yake, kamar harshen mai busa saksofon ya taɓa bakin abin busa.

Idan tsarin ya shiga hannu, karya shi. Wanda ya yi gida goma sha biyu da bibbiyu zalla zai gundiri mutane. Gauraya: uku a ja guda, sannan ɗaya, sannan biyu. Saurari Stéphane Grappelli, wanda ya kafa ƙungiyar Quintette du Hot Club de France tare da mai jita Django Reinhardt a Faransa a 1934, za ka ji layi mai santsi da baka mara nauyi. Sannan ka saurari Stuff Smith na Amurka, wanda ya yi tashe a birnin New York a 1936, za ka ji gajeren ja mai cizo, kusan kamar mai busa ƙaho. Hanyoyinsu sun yi hannun riga, amma dukkansu suna rangaji. A ganinmu mai koyo ya fi amfana da fara kwaikwayon Smith, domin a wurinsa ba abin da ke ɓuya, kana jin inda kowane sauti ya fara da inda ya mutu.

Sautin da ake haɗiyewa, da sautin da ake yankewa

Layin jaz ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da tudu da kwari a cikin gida ɗaya. Wasu sautukan ana haɗiye su, a ji motsinsu ba a ji muryarsu sosai ba. Yawanci sautin da ya fi ƙasa a layi, ko wanda ya zo gab da tsalle zuwa sama, shi ake haɗiyewa. Hanya biyu ce. Ko ka ɗauke nauyin manuniya baki ɗaya bakan ya ci gaba da tafiya, ko ka sassauta yatsan hagu ya taɓa tsirkiya ba tare da ya kai ta allon yatsu ba, wato katakon da ake danna tsirkiya a kai. Gwada da sautuka huɗu, D, B, G, B, kana maimaitawa, kana haɗiye G. Sai ka mayar da haɗiyar kan B na farko. Za ka ji jimlar ta canza ma'ana ba tare da ka canza sauti ko ɗaya ba.

Ƙarshen jimla kuma, idan ya faɗi kan wutsiya, gajere ne mai kauri: "dat". Tsayar da bakan a kan tsirkiya, kada ka ɗaga shi sama ya bar amo yana yawo. Shirun da ya biyo baya shi ma bugu ne, kuma dole ya fara a kan lokaci. Atisaye mai kyau a nan shi ne tsarin Charleston: sauti ɗaya a kan bugu na 1, na biyu a wutsiyar bugu na 2, sauran gidan shiru. Yi shi a buɗaɗɗiyar tsirkiya gida goma sha shida. Kusan kowa yakan yi gaggawar sauti na biyu. Rera "ta-ki-da" a zuci, ka jira "da" na bugu na 2.

Kaɗa yatsa don sauti ya yi rawa, rage shi sosai. A sautuka masu gudu babu shi sam. A dogon sauti, fara a miƙe, ka kawo rawar a ƙarshe, yadda Louis Armstrong yake yi da ƙahonsa.

Ƙarfi da sanyi ba tare da gudu ya motsa ba

Abu uku ke ba da ƙarfin sauti a kayan baka: saurin baka, nauyin hannu, da wurin da gashin ya taɓa tsirkiya. Kusa da jaki tsirkiya tana ɗaukar nauyi mai yawa, tana ba da sauti mai haske. Kusa da allon yatsu ba ta jure nauyi, in ka danna sai ta shaƙe. Tunda a suwin tsawon ja ƙayyadadde ne, mafi yawan canjin ƙarfi zai fito ne daga nauyi da wurin taɓawa. Kana son ƙarfi, matsa wajen jaki ka sake nauyin damtse. Kana son sanyi, matsa wajen allo, ka ɗan kwantar da sandar don gashi kaɗan ya taɓa.

Ka ba kanka mataki biyar, 1 raɗa, 3 hira, 5 kira daga nesa. Ɗauki bulus, wato tsarin kiɗa mai gida 12 da ake ta maimaitawa, a G, ga haɗin sautukan da ake bi gida-gida: gida huɗu G7, biyu C7, biyu G7, ɗaya D7, ɗaya C7, biyu G7. Zaɓi jimla guda mai gida biyu, ka yi zagaye biyar, kowane zagaye a mataki ɗaya, daga 1 zuwa 5, sannan ka sauko. Metronom yana nan kan 2 da 4 a 60.

Ga abin da zai faru, kuma yana faruwa da kowa. A mataki na 4 da 5 za ka riga na'urar. Dalili shi ne ƙarfi yana sa ka ƙara tsawon ja ba ka sani ba, kafaɗa ta ɗaure, hannu ya yi ɗokin juyawa. Dubi tef ɗinka, in ka wuce alama, ka dawo. A mataki na 1 da 2 kuma za ka ja baya, domin baka mara nauyi yana ɗaukar lokaci kafin ya kama tsirkiya ta fara magana. Maganinsa shi ne ko a raɗa, farkon sauti ya kasance da ɗan cizo: ɗora gashin, ka ji ya kama, sannan ka ja. Matsalar ta fi tsanani a tsirkiyar C ta celo da E ta bas, masu nauyin tashi, don haka a can sai hannu ya fara motsi gab da bugun, sautin ya fito a kansa.

Abu na biyu da ke ɓacewa shi ne tazarar cikin layi. Mutum yana ƙara ƙarfi, sai sautukan da ya kamata a haɗiye su ma su taso, komai ya zama tsawa ɗaya, rangajin ya mutu. A mataki na 5, sautin haɗiya ya tsaya a 2. A mataki na 2, mai nauyi ya kai 3, na haɗiya ya kusa ɓacewa. Tazarar ce suwin, ba yawan ƙarar ba.

Bayan wannan, gwada canji na farat ɗaya: gida huɗu a 5, gida huɗu a 1, gida huɗu a 3. Sannan hawa a hankali cikin gida 12 cur, wanda ya fi wuya, domin yawanci mutum yakan ƙure ƙarfinsa tun a gida na shida. Ƙungiyar Count Basie ta shahara da wannan, tana tafe a raɗa zagaye guda, sai duk masu busa su faɗo lokaci ɗaya, kuma gudun bai gusa ko kaɗan ba.

Ɗauki kanka a waya kowace rana. Ajiye ta nesa da kai kamar mita biyu zuwa uku, domin wayoyi da yawa suna daidaita ƙarar da suke ɗauka da kansu, su ɗaga mai sanyi su danne mai ƙarfi. Wajen saurare, kada ka bi daɗin sauti, bi abu ɗaya: ƙarar metronom tana faɗawa inda take a zagaye na farko, ko ta gusa? A lokacin hunturu kuma ka duba bakanka kafin ka zargi hannunka, busasshiyar iska tana ɗaure gashin ya yi tauri ya riƙa tsalle, damina kuma tana sake shi. Ƙaron da ake goga wa gashi, shafa uku ko huɗu ya isa, in ya yi yawa sanyin sauti zai fito da ƙura-ƙura.

Mai bas da mai riƙe bugu

Mai bas na tsaye da ke tafiyar sauti huɗu a gida, aikinsa daban ne. Ja tsirkiya da gefen manuniya, naman yatsa mai yawa, kusa da ƙarshen allon yatsu, nauyin ya fito daga damtse, yatsan ya sauka kan tsirkiyar da ke kusa. Bugu huɗun su zama tsawo ɗaya, ƙarfi kusan ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne dukan 2 da 4 da ƙarfi don a nuna ana suwin, sai tafiyar ta zama ɗingishi. Na biyu shi ne sakin yatsan hagu da wuri, wanda ke bar rami tsakanin sautuka. Riƙe kowane sauti har sai na gaba ya karɓe shi. Don sanyi, hau da hannun dama sama kaɗan a kan allo ka rage nauyi, amma saurin yatsa ya zauna yadda yake, in ba haka ba za ka ja ƙungiya baya. Ɗan tsallen da ake sakawa a kashi na uku na bugu, sau ɗaya a gida huɗu ya wadatar da farko. Walter Page a ƙungiyar Basie da Ray Brown su ne abin saurare a nan, Jimmy Blanton kuma, wanda ya yi aiki da Duke Ellington daga 1939 zuwa 1941, shi ya nuna cewa bas ma yana iya jan waƙa.

Mai jita ya saurari Freddie Green, wanda ya riƙe wa Basie bugu daga 1937 har rasuwarsa a 1987: bugu huɗu a gida, kowanne gajere, ana yanke shi da sassauta hannun hagu, ba da tare tsirkiya da dama ba. Mai bayolin ko celo da ke rakiya yana iya sara, wato sauke bakan kusa da hannu a kan tsirkiya ya tsaya cak ya ba da "cak" mara murya a 2 da 4. Richard Greene ne ya fito da dabarar a 1966, Darol Anger ya faɗaɗa ta. Ka yi ta a mataki na 2, domin sara mai ƙarfi yana rufe mai jan waƙa.

Kwaikwayo da tsarin rana

Zaɓi gida huɗu kacal daga faifan da kake so. Saurara sau ashirin, rera tare da shi har numfashinku ya zo ɗaya, sannan ka ɗauki abin kiɗa. YouTube yana ba da damar rage gudu zuwa kashi 75 ko 50 cikin ɗari, wanda ke taimakawa wajen gano sautuka da inda aka haɗiye. Amma ka tuna, kiɗa mai gudun 220 da aka rage ba ya zama suwin na 110, rabon dogo da gajerensa na mai gudu ne. Gano sautukan a hankali, rangajin kuma ka koye shi a ainihin gudunsa. Kada ka tsaya ga masu bayolin kaɗai, layin Lester Young a saksofon yana zama a bayolin da celo sosai.

Minti talatin a rana sun fi awa uku a ranar Asabar. Biyar na baki da metronom, goma na jan baka a sikeli biyu, goma na bulus da matakan ƙarfi, biyar na kwaikwayo. Bayan mako uku ko huɗu, rage taimakon na'urar: sa ta yi ƙara a bugu na 4 kaɗai, wato 30 idan gudun 120 ne. In manhajarka tana iya yin shiru, sa ta yi gida biyu tana ƙara, gida biyu shiru, ka ga ko za ku haɗu idan ta dawo. Yi wannan a mataki na 1 da na 5, ka rubuta a takarda wanne ne ya fi kauce maka da kuma ta wane ɓangare, gaba ko baya.

Idan ka samu abokin kiɗa, ku yi musayar gida huɗu-huɗu a kan bulus ɗin nan. Shi ya yi nasa a ƙarfin da ya ga dama, kai ka amsa da kishiyarsa: ya yi 5 ka yi 1, ya yi 2 ka yi 4. Wanda ba ya jan waƙa ya riƙe 2 da 4 da sara ko da tafi, kuma ya kasance koyaushe mataki ɗaya ƙasa da mai ja. Ku ɗauka a waya, ku saurari gida na farko da na ƙarshe a jere, ku auna gudun kowanne da metronom.